Kwana Tara a Bakin Kududdufi

Shekarun baya, kamar bakwai ke nan in ban yi kuskure ba, na taɓa yin rantsuwa a kan kifi. Waɗanda suka san ni sun san gyaran waya ce sana'ata, ina da ɗan shago a Kano ni da abokin aikina, kuma kafin wannan lokacin ko kwaɗo ban taɓa kamawa ba.

Abin ya faro ne da rashin lafiyar mahaifina. Yana tsakiyar ciniki a kasuwar awaki jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Aka kai shi asibiti a Ɗambatta, aka ce hawan jini ne. Ya kwana biyu aka sallamo shi da ledar magani da dokoki: ban da jan nama, ban da gishiri mai yawa, ban da yawon kasuwa. Likita ya ce in ana so a ba shi abin marmari, a ba shi kifi.

Na taho ranar Juma'a in duba shi in juya, ko kayan sawa ban ɗauko ba. Na same shi kwance a tabarma ya juya wa duniya baya, yana kallon bango. Mahaifiyata ta tare ni tun daga tsakar gida. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana.

Ta ce, "Kai wannan, zo ka ga abin da babanka yake yi mini. Kwana huɗu ke nan, in ya kai loma biyu sai ya ture kwano."

Ashe ta aika an sayo kifin ƙanƙara ta yi masa romo. Na ɗauki kwanon da kaina na kai masa. Ya leƙa, ya yamutsa fuska.

"Ɗauke mini wannan. Kifin da ya mutu tun bara a wata ƙasa, aka sa shi a ƙanƙara yana yawon duniya, shi za ku ba marar lafiya? Tsakanina da shi wa ya fi buƙatar addu'a?"

Bayan an sauko daga masallaci 'yan dubiya suka cika ɗakin, har da limamin garinmu. Ana cikin hira mahaifina ya yi ajiyar zuciya ya ce shi duk duniya ba kifin da ya kai tarwaɗar kududdufin bayan gari, wadda ya ci yana saurayi. Wannan kududdufi tun kakanninmu ake haƙar ƙasar gini a wajen, har ya yi faɗi ya yi zurfi, ruwansa ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Lambunan albasa da tumatir ne suka kewaye shi.

To, a nan ne bakina ya jawo mini. A lokacin na yi wata da watanni ina kallon bidiyon Turawa a waya, suna zaune a kwalekwale suna fizgo wani kifi nasu mai faɗin baki. Abin ya shiga raina har na sayi sandar fatsa a wajen 'yan gwanjo, irin mai ɗan keken naɗe zare, da akwatin kifayen roba masu ƙyalli. Na kalli kamun kifi ya fi sau ɗari. A ganina, abin da ya rage mini kawai shi ne ruwa.

Sai na ji kaina ina cewa, "Baba, wallahi ba zan koma Kano ba sai ka sha romon tarwaɗar kududdufin nan, wadda na kama da hannuna."

Liman ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ka fa ce wallahi."

"Na sani, Malam."

"A cikin sanyin nan?"

Na ce, "Akwai dabarun zamani, Malam."

Mahaifina ya juyo daga bangon ya dube ni. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa. Can ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a."

Ƙarshen sanyi ne, wajen watan Fabrairu, lokacin da ruwan buta yake cizon hannu da asuba amma in rana ta take sai ka cire rigar sanyi. Na buga wa matata waya na ce ta ba direban motar garinmu sandar da akwatin kifayen da kaya kala biyu.

Ta ce, "Wace sanda? Wadda muke shanya tawul a kai?"

Na ce ita.

Ranar farko ana idar da sallar asuba na nufi kududdufi, sanye da wata riga mai aljihu goma da na saya tare da sandar. Masu lambu suna ban ruwa suka tsaya suna kallona. Wani dattijo mai lambun albasa ya ajiye bokitinsa ya matso, muka gaisa.

Ya ce, "Malam, da sanyin nan kifi ba ya yawo fa. Yana can ya lafe a taɓo, ko baki ka kai masa abinci sai ya ga dama."

Na yi murmushin wanda ya ga duniya, na buɗe akwati na miƙa masa kifin roba ɗaya. Na ce daga Turai yake, in ya shiga ruwa motsi yake yi kamar mai rai. Dattijon ya jujjuya shi, ya kai hanci ya shinshina.

"Ba ya wari."

"Ai shi ne kyansa."

"To," in ji shi. "Wataƙila kifin Turai da ido yake cin abinci. Namu dai da hanci ne."

Na ja da baya, na ɗaga sanda kamar yadda na gani a waya, na wurga. Ban ji faɗuwar komai a ruwa ba. Da na waiwaya sai ga kifina yana lilo a saman bagaruwar da ke bayana. Sai da aka aro mini gora aka zunguro shi. Wurgi na biyu ya tafi da hulata. Daga nan hannuna ya ɗan faɗa, kafin azahar na fito da tsohon buhun taki, da takalmin roba wari ɗaya, da murfin tukunya. Da zan tafi dattijon ya ɗaga mini hannu daga cikin albasarsa ya ce, "A sauka lafiya, Sarkin Ruwa." Kafin in isa gida sunan ya riga ni. Mai shayi ma da na wuce sai da ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ruwa?"

Rana ta biyu na sauke girman kai kaɗan, na tono tana a gefen lambu na sa a ƙugiya. Amma zama ya gagare ni. In na jefa, minti biyu sai in jawo in duba ko tanar tana nan, in koma can, in dawo nan. A ranar ne na gane wani abu game da bidiyon da nake kallo: duk wajen da mutumin yake zaune shiru ba ya kama komai, tsallakewa nake yi. Ashe wajen da nake tsallakewar shi ne kamun kifin.

Rana ta uku ce ta shiga tarihin gidanmu. Gwaggona, yayar mahaifina, gidanta ne na ƙarshe kafin kududdufi, kuma tana da agwagi da take ji da su fiye da wasu jikokinta. Na sa sabuwar tana a ƙugiya ke nan waya ta shigo, wani da ya kawo mini gyara yana neman wayarsa. Na ajiye sandar a ƙasa na juya ina ba shi haƙuri. Sai na ji ɗan keken zaren yana kuka, irin kukan nan da nake ji a bidiyo in babban kifi ya ci. Na kashe waya na yi tsalle na cafke sandar. Sai dai abin mamaki, zaren ba ruwa ya nufa ba. Cikin gari ya nufa.

Toron agwagwar Gwaggo ne, ƙato, fari da baƙi, ya ɗauki tanar ƙugiya ta maƙale masa a baki. Yana gudu yana fuka-fuki, ni kuma ina biye da shi ina naɗe zare, don shi kaɗai ne abin da na iya. Masu lambu suka watsar da aiki. Gwaggo ta fito da muciya a hannu. Ta haura saba'in a lokacin, amma ban san tana da sauri haka ba.

"Wayyo torona! Ɗan nan, ruwan ne ya ƙare ka koma farauta a tudu?"

Dattijon mai albasa ne ya danne toron ya zare ƙugiyar a hankali. Toron bai ji ciwo sosai ba, sai dai tun daga ranar in ya hango ni sai ya miƙe wuya yana huci. Gwaggo ta yafa mayafi ta kama hanyar gidanmu kai ƙara, ina biye da ita da sanda a kafaɗa.

Ta samu mahaifina a inda yake kullum, fuska a bango. Ba ta tsaya ba da labari da baki kawai ba, nunawa ta yi. Ta yi ni, ina gudu ina juya hannu. Ta yi toron, ta buɗe mayafi kamar fuffuke tana zagaya ɗakin. Da farko kafaɗun mahaifina ne suka fara motsi. Sai ya juyo. Sai ya tashi zaune yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Yaya, ki bari, za ki mai da ni asibiti!" Mahaifiyata ta leƙo da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga baƙo.

Gwaggo ta yanke hukunci cewa kifin farko da zan kama rabinsa nata ne, ladan tsoratar da toro. Mahaifina ya share ido ya ce, "In ya kama, Yaya, ki haɗa da sandar." Sannan ya dubi mahaifiyata ya ce, "Ina kwanon nan na ɗazu?" Ya cinye tas.

Washegari da hantsi ina zaune a bakin ruwa sai na hango shi tafe a hankali, da buzunsa a hammata da bargo a kafaɗa. Na tashi da sauri na ce, "Baba, likita fa ya ce ka huta."

"Hutawar na zo yi. Kuma dole wani ya tsare wa Yaya sauran agwaginta."

Ya zaɓi gindin wata tsamiya a gefen da ruwa ya fi zurfi, ya ce nan ya fi inuwa, in dawo nan in jefa. Na dawo. Ya shimfiɗa buzu ya zauna, bai ce mini ga yadda ake yi ba, ni ma ban tambaya ba. Ni da nake da ilmin Turai, me zan tambayi mai sayar da awaki?

Ni da mahaifina ba mu saba hira ba. Tun tasowata tsakaninmu gaisuwa ce, da "an gode", da "Allah ya yi albarka". Ranar da ya fara zuwa mun fi awa guda ba wanda ya ce komai. Amma ruwan da ba ya motsi yana da wata dabara ta buɗe baki. Can sai ya nuna wani lungu da haɓa ya ce daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina ɗakin da aka haife ni, shi da jaki ɗaya suka yi jigilarta. Daga jakin sai labarin yadda kawunsa ya taɓa sayar masa da jaki mai ido ɗaya, wanda in an ɗora masa kaya sai ya yi ta zagaye waje guda. Daga nan sai ranar da ya fara ganin mahaifiyata, ta zo biki daga wajen Bici, ya bi ta da kallo har ya taka wutar mai ƙosai. Ni ma na sami kaina ina gaya masa abubuwan da ban taɓa gaya masa ba, wahalar shago, da yadda na kusa barin sana'ar a shekarar farko. Da azahar in je gida in ɗauko mana abinci, ya ci yana magana, har ya manta da ƙorafin gishiri.

Kifi dai shiru. Ko taɓa ƙugiyar ba a yi.

A Kano kuwa haƙuri ya fara ƙarewa. Abokin aikina kullum sai ya kira, wayoyi sun taru. Matata ta ce, "Wai kifin nan jira kake a haife shi?" Ran nan da yamma na kai kukana wajen abokina na ƙuruciya, wanda yake haya da babur tsakanin garinmu da Ɗambatta.

Ya ce, "Kai ma da wahalar da kai. Ka yi kaffara mana, ka ciyar da mutum goma ka kama hanya."

Na ce, "Kaffara za ta wanke ni wajen Allah. Wa zai wanke ni wajen mai shayi?"

Ya sosa gemu. Sai ya matso ya rage murya. Ya ce a kasuwar Ɗambatta akwai masu kawo tarwaɗar kiwo da ranta a baho. Gobe zai yi sammako ya sayo ɗaya ƙatuwa, mu maƙala ta a ƙugiya mu sake ta a ruwa kafin Baba ya fito. In mutane sun taru sai in jawo.

Na ce, "Amma na ce wadda na kama da hannuna."

"To da ƙafa za ka jawo ta?"

Ban yi alfahari da wannan ba, amma fatawar ta shige ni.

Rana ta shida ya iso da bokiti ɗaure a bayan babur, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Tarwaɗa ce mai tsawon hannuna, ta ƙoshi har tana sheƙi. Muka laɓe a bayan tsamiya muka yi ta kokawa da ita. Ta kuɓuce sau biyu, ta soki abokina da ƙayarta a babban yatsa, ya toshe bakinsa da hula don kada ya yi ihu. Da ƙyar muka sa mata ƙugiya a leɓe muka zura ta cikin ruwa. Na zauna na riƙe sanda, na haɗa fuskar mutumin kirki.

A ranar ne kuma mahaifina ya makara. Baƙi suka zo masa daga Tofa, sai wajen sha ɗaya ya iso. Tarwaɗa ta yi awa biyu tana yawo a ƙasan ruwa da zarena. Yana gama shimfiɗa buzu na ƙirga ashirin a zuciya, sannan na zabura na miƙe.

"Ta ci! Baba, ta ci! Jama'a, ta ci!"

Masu lambu suka rugo. Matan da ke wanki a ɗaya gefen suka miƙe. Har Gwaggo ta leƙo ta kan katanga. Na fara naɗe zare, sanda ta lanƙwashe, mutane suna ta kabbara. Sai abu ya tsaya cak. Ashe ta naɗe zaren a jikin wata saiwa a ƙasa. Na ja, ya ƙi. Na matsa gaba na ja, ya ƙi. Na ƙara taku ɗaya, ƙasa ta zame, na tafi cikin taɓo har ƙugu. Sanyin ruwan ya ratsa ni har haƙora. Na ji tas, zare ya tsinke, na zauna daɓas da wayata a aljihu.

Da aka jawo ni, abokina yana tsaye ya ɗora hannu a ka, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Shi ya san abin da ya tafi. Na zo in rage wa kududdufi kifi, na ƙara masa ɗaya.

Abin da ban zata ba shi ne mutuncina ya tashi. Kowa ya ga yadda sandar ta lanƙwashe. Dattijon mai albasa ya ce lallai akwai abu a ruwan nan. Kafin la'asar kifin ya kai cinyar mutum, kafin magariba a teburin mai shayi ya kai ɗan maraƙi, har wani ya rantse ya ga gashin bakinsa. Mahaifina kuwa na ga ya daɗe yana kallon babur ɗin abokina, da bokitin, da buhun da ke ɗigar ruwa.

Kwana biyun da suka biyo baya sun fi kowanne nauyi. Mutane suna zuwa kallon wajen da abin ya faru, suna yi mini kirari, ni kuwa na kasa haɗa ido da mahaifina. Shi ko a jikinsa, yana ta ba ni labarin shekarar da fari suka cinye musu gero.

Rana ta tara, bayan azahar, abokina ya kawo mini wayarsa, tunda tawa ta sha ruwa. Abokin aikina ne. Ya ce an kira shi daga gida, matarsa ta sauka, gobe da safe zai rufe shago ya tafi, in ban dawo ba masu wayoyi za su ɓalle ƙofa. Muryarsa tana fita sosai, mahaifina ya ji komai. Na mayar da wayar na zauna na dafe kai.

Mahaifina ya ce, "Tashi. Naɗe wannan sandar taka ka ajiye."

Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da ƙullin leda. Da ya kwance, wari ya bugi hancina, sai na gane warin da nake ji tun jiya ina ɗora wa kududdufi laifi. Hanjin kaza ne da ya kwana biyu. Ya zare kara ɗaya mai ƙwari daga dangar lambu, ya ɗaura zare, ya ciro wata tsohuwar ƙugiya baƙa daga naɗin hularsa, ya ɗaura guntun totuwa a tsakiyar zaren. Hannunsa bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Sannan ya ja ni muka zagaya can ɗaya gefen, inda babu itace ko ɗaya, ruwa bai wuce gwiwa ba, rana tana dukan baƙin taɓo tun hantsi.

Ya ce, "Da sanyi tarwaɗa kamar tsoho take. Ba ta fita da asuba, ba ta zama a inuwa. In rana ta gasa ruwa sai ta rarrafo nan ta sha ɗumi. Ajiye mata a gabanta, kada ka wurga. Yauwa. Yanzu ka manta da ita."

Na riƙe kara. Minti goma, ashirin, rabin awa. Hannuna yana ƙaiƙayin ja. Can totuwa ta ɗan yi rawa.

"Kada ka ja. Gaisawa take yi."

Ta sake rawa, ta tsaya. Ta matsa gefe kamar taki ɗaya, ta tsaya. Na ƙara damƙe karan.

"Bar ta. Tana tambayar mutanen gida."

Sai totuwa ta nutse, ba ta dawo ba.

"To, yanzu."

Na fizga. Wani nauyi mai rai ya amsa daga ƙasa, ya ja ni na ja shi. Ba irin na bidiyo ba ne, ba kyan gani, ihu nake yi ina ja da baya har na faɗi zaune, tarwaɗa ta biyo ni tudu tana birgima a ƙasa. Na danne ta da hannu biyu ina haki. Na kama kifi. Da hannuna.

Mahaifina ya tsuguna ya juya ta da kara. Sai na ga abin da yake kallo. A gefen leɓenta ga ƙugiyata ta gwanjo tana ƙyalli, da guntun zare.

Ya ce, "Ikon Allah. Shekara sittin ina ganin tarwaɗar kududdufin nan, baƙa ce siririya, ban taɓa ganin mai tumbi ba. Wannan 'yar birni ce irinka. Dubi wuyanta, abincin buhu ta ci ta girma."

Abokina ya tuna yana da fasinja, ya tayar da babur. Ni kuwa na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Rantsuwar ma ban san matsayinta ba yanzu."

Ya yi kamar yana nazari. "A ina ka kama ta?"

"A kududdufi."

"Da hannun wa?"

"Nawa."

"Kwananta nawa a garin nan?"

"Uku."

"To baƙunta ta ƙare, ta zama 'yar gari. Amma ka biya wajen Liman ka gaya masa, kada ka rage komai. Shi ma yana buƙatar dariya."

Sannan ya karɓi karan ya zauna. Kafin a kira la'asar ya fito da biyu, baƙaƙe sirara, irin waɗanda yake faɗa. Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce yana saurayi ya taɓa gudu ya bi masunta rani biyu, sai da kakana ya je ya dawo da shi da kunne. Shekara talatin da wani abu ina ɗansa, ban taɓa ji ba.

Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka gaya mini tun ranar farko ba?"

"Ka tambaye ni? Kai da kake da Turawa a aljihu."

Da magariba mahaifiyata ta yi romo da citta da tafarnuwa da masoro, gishiri ɗan kaɗan. Aka kai wa Gwaggo rabin 'yar birni, ta aiko a ce toro ya yafe amma bai manta ba. Mahaifina ya sha kwano biyu na baƙaƙen, ya yi gumi, ya yi hamdala.

Da safe na yi masa sallama, ya sa mini albarka a gajarce kamar kullum. Mahaifiyata ta rako ni har zaure da ƙullin kuka da daddawa. Na ce mata har yanzu ina mamakin yadda Baba ya bar ni kwana da kwanaki a inuwar tsamiya, alhali ya san ba kifi a wajen.

Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda bai da wayo. Ta ce, "Kai wannan, har yanzu ba ka gane ba? Tun ranar da ka rantse ya ce mini, in na nuna masa wajen, jibi war haka yana Kano, bar shi ya ɗan sha iska. Kai kana can kana jiran kifi, shi kuwa nasa ya daɗe da kamawa."

A mota na yi ta dariya ni kaɗai har muka wuce Ɗambatta. Daga nan kuma sai dariyar ta juye ta zama wani abu, na juya fuska wajen taga. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce mura ce.

Kafin wannan lokacin ina ganin ni ɗa ne nagari, kuma ba ƙarya nake yi wa kaina ba gaba ɗaya. Ina aika magani, ina kira a waya, ba a taɓa neman wani abu a wajena na hana ba. Abin da ban sani ba shi ne iyayenmu, musamman maza irin nawa, ba su iya cewa "zauna tare da ni" ba. Bakinsu ba ya iya ɗaukar maganar. Sai dai su ƙi cin abinci, ko su yi ta faɗa a kan abin da bai kai ba, ko su bar ka kana jefa ƙugiya a inda suka san ba komai. In ba ka lura ba sai ka ce rigimar tsufa ce.

Mahaifina yana nan da ransa, alhamdu lillahi, ƙafa ce dai ta yi nauyi, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Duk sati biyu nakan je in kwana. Ba ma yin wani abin a zo a gani. In an yi la'asar in fitar masa da tabarma ƙofar gida, mu jingina da bango muna amsa gaisuwar masu wucewa. Wani lokaci awa guda ba wanda ya ce uffan, amma in na tashi tafiya sai in ji kamar mun gama wata doguwar magana.